Gidan marayu ne, amma wani ke riƙe da makulli

Jiya da hantsi na tsaya ina sallama a ƙofar gidan da marigayi yayana ya gina a Kubwa, Abuja. Wanda ya fito, asuwaki a baki, shi ne mutumin da mai gadi ya ba aron ɗaki tun ginin yana kango, wai kafin ya samu wuri. Yau ya canza kwaɗo, ya kwaso iyalinsa, har ya zuba ɗan haya a ɗakin baya yana karɓar kuɗi.

Na ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Gidan marayu ne, uwarsu haya take biya." Bai ko cire asuwakin ba. Ya ce, "Alhaji, ni ba da kai na yi magana ba." Na zaro takardar fili na miƙa masa. Ya ƙare mata kallo, ya tofar da yawu dab da takalmina, ya ce, "Takarda ta alƙali ce, kai masa." Ya turo ƙofa a fuskata, yaran unguwa suna kallo.

'Yan sanda suka ce ba huruminsu ba ne, in tafi kotu. Lauya ya gargaɗe ni, in na kuskura na ɓalle ƙofa ko na yaye kwano, ni za a tuhuma. Sai an ba mutumin takardar gargaɗi ta kwana 7, a shigar da ƙara, sannan a shiga ɗage zama, yau alƙali ba ya nan, gobe fayil ya ɓace.

A Ingila, tun 2012 mamaye gidan zama na wani laifi ne da ke kai mutum kurkuku har wata 6. Jihar Florida ta Amurka ta yi doka a 2024: mai gida ya cike takarda, jami'an tsaro su fitar da wanda ya shiga ba izini. Ko Legas ta yi tata kan masu ƙwacen fili a 2016.

'Yan majalisarmu fa, me suke jira? Ranar da gwamnati ke son filinta a Abuja, katafila take turowa da asuba ta rushe rumfunan talakawa, ba ta jiran alƙali. Amma gwauruwa mai 'ya'ya ƙanana, ita aka bar wa kuɗin lauya da zaryar kotu, alhali ko na makarantar yaran da ƙyar take haɗawa.