Ekistenshan ba kariya ba ce, jama'a

Don Allah a daina cewa "ai kayan China ne". Tun jiya nake jin wannan magana kan amfilifayar maƙwabcinmu da ta ƙone a nan Agege, kuma raina ya ɓaci. An ɗauke wuta, aka dawo da ita da ƙarfi, ita kuwa tana jone a wata farar ekistenshan mai rami shida. Ina tsaye mai gyara ya buɗe ta: fis ya narke, allon ciki ya yi baƙi ƙirin, ƙaurin roba har tsakar gida. Ina laifin China a nan?

Mutum zai je kasuwar Alaba ya zuba kuɗi a sifiku, amma kuɗin kariya sai ya ga kamar asara ce. Ekistenshan ƙarin ramuka ce kawai, ba ta tare komai.

Wutar gida bolt 230 ya kamata ta zo. Wa zai rantse haka take zuwa a Legas? In ta yi ƙasa har fanka na jan ƙafa, ko ta haura, wannan aikin sitabilaiza ne, kuma mai kyau takan ɗan jinkirta kafin ta saki wuta bayan an kawo. Amma bugun ƙiftawar ido, irin na tsawa ko na juyawa daga janareta, ya fi ƙarfin saurinta. Shi sai surge protector na gaske, mai ɗan ƙwayar nan da ake kira MOV a ciki, wadda ke karkatar da rarar wutar kafin ta kai ga kayanka. Ita ma tana tsufa. Duk bugun da ta sha yana rage mata rai, har wata rana wuta na wucewa lafiya alhali kariyar ta mutu.

Wani ya ce min shekara da shekaru bai sa komai ba kuma lafiya lau. Allah ne ya tsare ka, malam, ba ekistenshan ba. Wani kuma wai su 'yan Band A ne, rukunin da aka yi wa alkawarin wuta aƙalla awa 20 a rana. Awa 20 alkawarin yawan wuta ne, ba a ce ba za ta yi tsalle ba. In hadari ya taso da tsawa ma, zare filogin gaba ɗaya ya fi komai.

Su kuma masu gidajen haya, ku ji tsoron Allah. Soket mai rami uku, a kwance shi a tarar babu wayar ƙasa ko ɗaya. Kuna karɓar hayar shekara cif, yaro ya taɓa firji wuta ta ja shi. Ku kira mai wayarin ya binne ƙarfen nan da ake jona wa wayar ƙasa, nawa ne kuɗinsa?