Wane ne yake fitowa daga na'urar Star Trek?

Makon jiya na hau kar daga Yamai zuwa Tawa, tafiyar kilomita wajen 550 ta Dosso, Dogon Dutse da Ƙwanni. Na sauka ƙafafuna a kumbure. Ɗan yayata, ɗalibin lise, ya karɓi jakata yana dariya: "Kawu, da akwai na'urar nan ta Star Trek, da kafin shayi ya tafasa ka iso." Na ce masa ko kyauta aka ba ni ba zan taka ta ba, kuma da gaske nake.

Star Trek shirin talabijin ne na tafiye-tafiye a sararin samaniya, ga kuma yadda yake nuna na'urar. Mutum ya tsaya a kan wani faifai, haske ya lulluɓe shi, a wargaza jikinsa zuwa ƙwayoyin zarra, a sake haɗa shi a wata duniya. Asalinta ma rashin kuɗi ne. Da aka fara shirin a Amurka a 1966, nuna saukar jirgin sama jannati a kowane mako ya fi ƙarfin aljihunsu, sai wanda ya ƙirƙiri shirin, Gene Roddenberry, ya samo wannan dabara. Ƙyalƙyalin da ake gani kuwa garin alminiyom ne da aka watsa gaban kyamara. Ban ga laifin wannan ba, talauci ya sha haifar da fasaha.

Inda nake da ja shi ne hankalin abin. Jikin mutum guda na ɗauke da ƙwayoyin zarra da adadinsu ya kai 7 da sifili 27 a bayanta, kuma sai an san mazaunin kowace. Tun 1927 masanin kimiyya Heisenberg ya nuna ba a iya sanin wurin da ƙwaya take da saurin tafiyarta daidai a lokaci guda. Marubutan shirin sun san da haka, sai suka ƙirƙiro wani ƙarfe a cikin na'urar suka ce shi ke gyara matsalar, suka wuce abinsu. Ga na'urar da lalacewa duk ranar da labari ke son jarumi ya maƙale, ranar da ake son ya tsira kuma ta miƙe garau.

Ko da an warware wannan duka, babbar tambayar tana nan. In an wargaza ni a Yamai aka haɗa wani a Tawa mai kamannina da tunanina, ni ne na yi tafiya, ko an kashe ni ne aka buga fotokofi? Masanin falsafa Derek Parfit ya tattauna wannan a 1984. Shirin da kansa ya tona asirin a 1993, da aka nuna na'urar ta fitar da wani jarumin shirin mai suna Riker har biyu: ɗaya ya koma jirgi, ɗayan ya shekara 8 shi kaɗai a wata duniya, dukansu kuma mace ɗaya suke so. To wa ke da aure? Wa zai ci gado, wa zai biya bashi? Kuma in na'urar na iya buga mutum sau biyu, me ya hana su ajiye kwafin kowa, su daina kukan mutuwa?

Yaron ya ce ai ya ji Sinawa sun yi a 2017. Gaskiya ne sun yi gwaji da tauraron ɗan Adam mai suna Micius, daga nisan da ya kai kilomita 1,400, amma yanayin ƙwayar haske aka tura, ko ƙwayar gero ba ta motsa ba. A irin wannan gwaji ma, yanayin ƙwayar ta asali gogewa yake yi.

Ba hana yara kallo nake so a yi ba, ni ma ina kallo. So nake in sun gama a zauna da su a fada a yi musu waɗannan tambayoyi. Ɗan yayata dai ya yi shiru yana juya kofin shayi, can ya ce: "To Kawu, in jiki aka kwafa, rai fa wa zai ɗauko shi?" Ya ce gobe zai kai tambayar gaban malaminsu na kimiyya.