Zaman masu barin giya ba tonon asiri ba ne

Yana damuna yadda ake cewa a Yamai duk wanda ya je zaman masu son barin giya ya tona wa kansa asiri. Tsoron da dalilinsa, don a fada magana ba ta kwana. Amma irin wannan zama, da ƙungiyar mashaya masu son barin giya mai suna Alcoholics Anonymous (AA) ta fara a Amurka a 1935, a kan rufin asiri aka gina shi. Ba rajista, ba kuɗin shiga, sunan yanka kawai ake faɗi. Ɗan taksin da ya sha jiya ma yana iya zuwa, ya zauna can baya, ya saurara, bai ce uffan ba.

Mai neman barin giya ya tambayi likita a keɓe, musamman in hannunsa na rawa da safe, don yanke giya farat ɗaya kan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.