Za a iya kama mai satar yara a cikin mafarki? Inda fim ɗin Lucid Dream ya yi daidai da inda ya zarce

A watan Fabrairun 2017 aka saki fim ɗin Lucid Dream a sinimomin Koriya ta Kudu, bai kuwa yi kasuwa ba. Sai da Netflix ta ɗauke shi ta watsa wa duniya a wannan shekarar sannan ya samu 'yan kallo. Darakta Kim Joon-sung ne ya shirya shi. Go Soo ya fito a matsayin Dae-ho, ɗan jarida mai tona asirin manya, wanda aka sace masa ɗa a filin wasan yara. Shekara uku ana nema, shiru kake ji. Da ya rasa tudun dafawa sai ya je wurin wata likitar ƙwaƙwalwa, Kang Hye-jung ce ta hau wannan rawar, ta riƙa sa shi irin mafarkin da mai yin sa ya san mafarki yake. A cikin mafarkin yake komawa ranar da abin ya faru, yana duba fuskokin da bai lura da su ba a wancan lokacin, in ya farka ya kai wa ɗan sandan da ke riƙe da binciken, wanda Sol Kyung-gu ya fito a matsayinsa.

Masu suka sun fi kama fim ɗin da laifin bin sawun Inception, fim ɗin Hollywood na 2010 kan shiga mafarkin mutane. Wannan ƙaramin laifi ne. Haka ma injin da ke shigar da mutum mafarkin wani, da mutumin nan mai ban al'ajabi da Park Yoo-chun ya fito a matsayinsa yana yawo a mafarkin jama'a: babu wani abu makamancin haka a kimiyya, amma ƙagaggen labari ne, kowa ya san da haka, ba wanda zai ruɗu. Abin da ya kamata a tsaya a kai shi ne wanda mai kallo ke haɗiyewa ba tare da ya tauna ba, wato cewa duk abin da ido ya taɓa gani yana nan a ajiye cikin kai, cif-cif, jiran mabuɗi kawai yake.

Shi kansa mafarki da sani gaskiya ne, an kuma tabbatar da shi ta hanya mai wayo. Barcin dare zagaye-zagaye ne, kowane zagaye kamar minti 90, sau huɗu zuwa shida kafin gari ya waye. A ƙarshen kowane zagaye akwai zangon da ake kira REM, inda mafarki ya fi yawa, kuma yana ƙara tsawo ne wajen asuba. A wannan zangon ƙwaƙwalwa kan kashe gaɓoɓin jiki don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani, amma ba ta kashe tsokar ido da numfashi. Nan Keith Hearne ya samu ƙofa a 1975 a Ingila: ya yi yarjejeniya da wani mai suna Alan Worsley cewa da zarar ya gane mafarki yake, ya juya idonsa hagu da dama a jere. Na'ura ta nuna alamar alhali mutumin na cikin barci. Stephen LaBerge ya maimaita irin wannan a Jami'ar Stanford a farkon shekarun 1980. A 2021 kuma ɗakunan bincike huɗu, a Amurka da Faransa da Jamus da Holan, suka yi wa mutum 36 tambayoyi suna barci, irin su takwas a cire shida, wasu suka amsa da ido sau biyu. Amsar daidai ba ta kai kashi 20 cikin ɗari na tambayoyin ba, galibi ma shiru aka samu, amma dai an yi magana da mai mafarki ya kuma amsa.

Ana koyon sa, sai dai ba da saurin da fim ya nuna ba. Matakin farko littafi ne da biro a gefen katifa: da farkawa, kafin a taɓa waya, a rubuta abin da aka gani, domin wanda ba ya tuna mafarkinsa ko ya gane a ciki cewa mafarki yake ba zai sani ba. Na biyu, gwaji da rana, kamar sau goma: a toshe hanci da yatsu a gwada shaƙar iska, ko a karanta rubutu, a kau da kai, a sake karantawa. In abin ya zama jiki, wata rana hannu zai yi shi a cikin mafarki, sai mutum ya ji yana numfashi da hanci a toshe. Na uku shi ne mai wahalar: a saita ƙararrawa bayan awa biyar da kwanciya, a tashi na ɗan lokaci, a koma ana nanata niyyar cewa in mafarki ya zo za a tuna mafarki ne. Denholm Aspy na Jami'ar Adelaide ya gwada haɗa ukun a 2017, aka dace a kashi 17 cikin ɗari na dararen. Waɗanda barci ya ɗauke cikin minti biyar bayan niyyar sun kai kusan kashi 46.

Inda yake lalacewa sananne ne. Sabon shiga yakan yi murna da ya gane, murnar ta tashe shi cikin 'yan daƙiƙu. Wani ya yi mafarkin ya farka, har ya fara shirin fita, ashe yana kwance. Katse barci da tsakar dare kuma yana jawo dannau, wanda ba komai ba ne illa wancan kashe gaɓoɓin na REM da ya biyo mutum bayan hankalinsa ya dawo. Mai fama da rashin barci, ko ciwon da ke rikita masa gaskiya da zato, bai kamata ya kusanci wannan atisaye ba.

A sake duba gwajin karatun nan da kyau, domin shi kaɗai ya isa ya rushe ginshiƙin fim ɗin. Dalilin da ya sa yake aiki shi ne rubutu da lambobi ba sa tsayawa wuri guda a mafarki. Ka duba allo ka sake dubawa, ya canza. To duniyar da ba ta iya riƙe kalma uku na daƙiƙa biyar, ta yaya za ta riƙe lambar mota ko fuskar baƙon da aka gifta shekara uku da suka wuce? A 2003 wasu masu bincike a Harvard, cikinsu har da Robert Stickgold, sun bi rahoton mafarki 299 suna gwada su da abin da mutanen suka yi da rana. Da yawa sun ɗauko wani abu daga rayuwar farke, amma waɗanda suka maimaita abin da ya faru yadda ya faru ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari ba. Mafarki ɗinki ne irin na tsummoki: ƙyallen jiya, ƙyallen ƙuruciya, ƙyallen tsoro, a haɗa su wuri guda.

Ko a farke ma tunawa ba ta da amanar da muke ba ta. A 1974 Elizabeth Loftus da John Palmer sun nuna wa ɗalibai hoton bidiyo na haɗarin mota. An tambayi hamsin gudun motocin lokacin da suka "ragargaji" juna, wasu hamsin kuma lokacin da suka "bugi" juna. Bayan mako guda aka tambaye su ko sun ga fasasshen gilashi. Daga rukunin farko 16 suka ce sun gani, daga na biyu 7. Babu gilashin da ya fashe a bidiyon. Yanzu a ɗauki uba irin Dae-ho, wanda ya shekara uku yana zargin duk wanda ya taɓa tona wa asiri, yana kallon hotunansu dare da rana. Fuskar da za ta bayyana masa a mafarki ita ce wadda ya fi tunani, ba lallai wadda ta tsaya a filin wasan ba, kuma zai farka da yaƙinin da ya fi na da. A Amurka, kusan kashi 70 cikin ɗari na waɗanda gwajin DNA ya wanke bayan an ɗaure su, akwai shaidar gani da ido da ta yi kuskure a shari'arsu. Shi ya sa jihar Texas ta hana kotunanta karɓar bayanin da aka samo ta hanyar hifnosis, wato sa shaida cikin wani yanayi mai kama da barci don ya tuno abin da ya gani, a 2023. Malaman fiƙihu ma tun tuni suka rufe wannan ƙofa: duk da girman da suke ba wa mafarkin gaskiya, ba su yarda alƙali ya gina hukunci a kansa ba.

Koriya ta san zafin wannan a aikace, shi ya sa labarin yaron da ya ɓata ba ya ƙarewa a finafinanta. Ranar 26 ga Maris 1991 yara biyar suka fita a birnin Daegu zuwa dutsen Waryong, ba su dawo ba. An baza 'yan sanda da sojoji dubun dubata. A 1996 wani masanin halayyar ɗan Adam ya fito ya ce mahaifin ɗaya daga cikin yaran ne ya binne su a gidansa. Aka zo da ma'aikata aka haƙa gidan mutumin a gaban 'yan jarida, ba a ga komai ba. Mahaifin ya rasu a 2001, shekara guda kafin wani mai tsintar 'ya'yan itace ya ci karo da ƙasusuwan yaran a kan dutsen da aka sha bincikewa. Har yau ba a kama kowa ba. Shi kuwa kisan gillar da aka riƙa yi wa mata a garin Hwaseong daga 1986 zuwa 1991, abin da ya warware shi a 2019 tufafin da aka adana ne shekara talatin, aka sake gwada DNA ɗin da ke jikinsu ya nuna Lee Choon-jae. Kafin nan wani bawan Allah, Yoon Sung-yeo, ya riga ya yi shekara 20 a kurkuku kan ɗaya daga cikin kashe-kashen, sai a Disambar 2020 kotu ta wanke shi.

Wannan ba ya nufin fim ɗin bai cancanci kallo ba. Bai kai awa biyu ba, Go Soo ya iya nuna uban da baƙin ciki ya cinye, kuma juyin da labarin ya yi a ƙarshe yana da ciwo, ba za a ɓata wa wanda bai gani ba. Sai dai hanyar da ƙasar take bi da gaske wajen neman yara ba ta da armashin da za a yi fim da ita. Tun 2012 iyaye a Koriya ta Kudu kan kai yaro ofishin 'yan sanda a ɗauki zanen yatsunsa da hotonsa da lambar wayar gida, tun kafin wani abu ya faru. Daga Yulin 2014 kuma doka ta wajabta wa manyan kantuna da tashoshi da filayen wasa, irin wanda aka sace ɗan Dae-ho a ciki, cewa da zarar an ce yaro ya ɓata su yi shela, su sa ido a kan duk ƙofofin fita, ma'aikata su bazu nema na kamar minti goma, in ba a gan shi ba a miƙa wa 'yan sanda.