Kunkuru Ya Yi Gudu, Baba Masunci Ya Ci Riba

Jirgin ruwan wasa ne, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga bakin ruwa, tsawonsa santimita 65. Wani ɗan uwa ya zo mini da shi daga Kano. Yadda ya fito daga kwali, inji mai burushi ne a cikinsa, lamba 540, da batirin NiMH na volt 7.2. Gudu kuwa, a tafkin unguwarmu da damina agwagwa ta taɓa wuce shi ba ta ko waiwayo ba. Ƴan fadarmu suka raɗa masa suna Kunkuru. Nan na ɗaura aniyar sai na sake masa kayan ciki.

Na sa inji marar burushi, 2858, mai kV 2700. Lambar kV ɗin nan tana nufin juyin da inji zai yi a minti kan kowane volt, saboda haka da batirin LiPo mai ɗaki uku, volt 11.1, ana maganar juyi kusan 30,000 a minti in ba ya jan komai. ESC, wato ɗan akwatin da ke raba wa inji wuta, na ɗauki na amfiya 60 wanda ruwa ke sanyayawa. Farar mahaɗar waya ta asali ba ta ɗaukar wannan wuta, narkewa take yi, sai da mai gyaran rediyo ya sake mini ita da XT60, ya zuba dalma sosai. Sandar da ke juya farfela waya ce murɗaɗɗiya ta milimita 4. Ana zare ta a shafe ta da giris, kuma a bar tazarar milimita 2 zuwa 3 a bayanta, tsakanin abin da ke riƙe farfela da mariƙin sanda, don in ta ɗauki nauyi taƙurewa take yi. Wanda bai bar wannan tazara ba zai ji ta tsinke.

Gwajin farko a bahon wankin uwargida aka yi shi. Na riƙe jirgi da hannu ɗaya, na taɓa rimot, sai ya nemi ya koma baya, rabin ruwan baho ya tashi ya sauka kan shanyar da ta kusa bushewa. Ta leƙo daga madafa ta ce, "Malam, in wanki kake sha'awa ai ga sabulu nan." Gyaran ba wuya: wayoyi uku ne tsakanin ESC da inji, ka musanya kowaɗanne biyu, ya juya ɗaya gefen. Shanya ce dai ba ta da irin wannan gyara.

Tafkin unguwa ya yi masa kaɗan, muka ɗora shi bisa moto sai tafkin Madarunfa. Da farfelar milimita 36 ya tashi bisa ruwa yana tsalle, hanci sama, hanci ƙasa. Nauyi ne ya yi baya. A irin wannan jirgi, inda zai daidaita in ka ɗora shi kan yatsa ya kamata ya faɗo wajen kashi 30 cikin ɗari na tsawonsa daga baya, wato kusan santimita 20 a nawa. Batiri ne abu mafi nauyi a ciki, shi ake turawa gaba santimita ɗaiɗai har tsallen ya kwanta. In aka zarce, hanci ya nutse gudu ya mutu. Sai kuma ya riƙa karkata dama, domin farfela in ta juya gefe ɗaya gangar jirgin takan murɗa ɗaya gefen. Na matsar da batirin hagu kaɗan, ya miƙe.

Ƙa'idar farfela sananniya ce. Ana ƙarawa milimita 2 kawai, a yi gudun minti ɗaya, a fito a buɗe a ɗora yatsa kan inji. In ba ka iya ƙirga biyar kafin ka janye yatsa ba, ya kai digiri 60 ko ya wuce, a koma ƙarama. Wutar da farfela ke ja ba ta tafiya daidai da girmanta, ƙarin da ido ke rainawa yana iya kai amfiya inda ESC ba ya ɗauka. Ga shi watan Afrilu ne, rana ta haura digiri 40, ruwan da ake fatan ya sanyaya inji shi kansa da ɗumi yake. Amma a aljihuna akwai farfelar milimita 42, kuma a bayana akwai ƴan fada da yaran gari sun yi sahu. Wani ya ce, "Sa babbar mana, ko tsoro kake ji?"

Jama'a, Kunkuru ya yi gudu. Ruwa ya tashi a bayansa ya fi tsayin yaro, tsuntsayen bakin tafki suka watse, yara na ihu. Abin da mai jirgi ke kallo a irin wannan lokaci ɗan siririn ruwan nan ne da ke fita ta gefe. Yana shiga ta wata ƴar kafa a jikin ƙarfen juya akala, ya bi tiyon silikon ya zagaya ESC da inji, ya fito. Muddin yana tsartuwa, lafiya lau. Nawa ya ɗauke. Guntun baƙar leda ya toshe kafar, ESC ya ji zafi ya yanke wuta don ya tsira da ransa, jirgi ya tsaya cak can tsakiya.

Ba a bin jirgi da iyo. Akwai laka, akwai raga a ƙarƙashi, ga tsargiya. Na zo da sandar fatsa da ƙwallon tanis ɗaure a zare, wadda ake jefawa bayan jirgi a jawo shi, amma ko rabin nisan ba ta kai ba. Sai ga wani dattijo masunci zaune cikin kwale-kwalensa yana gyaran koma, tun ɗazu yana kallonmu bai ce uffan ba. Na gaishe shi, na tambayi ruwa da iyali, sannan na kawo kuka.

"Jika ɗaya, ɗana."

"Haba Baba, ga shi can ana hangensa. Dala ɗari dai."

Bai ɗago ba. "Iska na tura shi. In ya kai waccan ciyawa, jika biyu ne."

Na tsaya ciniki, iska ba ta tsaya ba. Jika biyu na biya. Da ya dawo ya miƙo mini jirgin, ya juya shi ya duba ƙarƙashi, ya ce, "Nawa ba inji, amma bai taɓa kwana a tsakiya ba."

Na ɓare salatif ɗin da na liƙe murfi da shi, wari ya bugo ni. Kafasitocin ESC, wato ƴan gwangwanayen da ke tara wuta a jikinsa, sun kumbura, ruwa ya ɗan shigo ta bututun sanda saboda giris ya wanke. Risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, ta tsira domin tana cikin balam-balam da aka ɗaure wa baki, soson roba da na cusa a hanci kuma shi ne zai hana jirgin nutsewa ko da ya cika. Batirin na ajiye a inuwa ya huce. LiPo ba ya son rana ko ƙarƙashin kujerar moto, ba a zuƙe shi ƙasa da volt 3.2 a kowane ɗaki, in za a ajiye shi kwanaki kuma a bar shi a 3.8.

Yanzu farfelar milimita 38 ce a jiki, gudu minti huɗu a fito, kuma kafin kowane shiga sai na tura ruwa da sirinji ta tiyon na ga ya fita ta gefe. Baba kuwa ya gane ƙarar motona. Kafin in kashe ya turo kwale-kwale kusa, mu gaisa, ya leƙa jakata ya ce, "Ɗana, yau ba ka zo da babbar ba?"