Mai takardar gona da mai sanin ƙasa: ƙawancen da ke neman gyara a Ostireliya

A shekarar 1986 ne manoman Winjallok, a jihar Biktoriya, suka kafa ƙungiyar farko ta Landcare, wato shirin haɗa kan manoma don kula da ƙasa, bayan da zaizayar ƙasa ta nuna musu cewa shingen da ke raba gona da gona ba ya raba ɓarna. A 1989 gwamnatin Firaminista Bob Hawke ta faɗaɗa shirin zuwa duk faɗin ƙasar. Dalilin a fili yake: fiye da rabin Ostireliya filin noma ne da kiwo, don haka gandayen dajin gwamnati kaɗai ba za su ceci tsirrai da namun dajin da babu irinsu a wata ƙasa ba. Tun zuwan Turawa a 1788, nau'in dabbobi masu shayarwa sama da 30 sun ƙare ƙaf, kuma zomayen da Thomas Austin ya saki a 1859 har yau jikokinsu na cinye tsiron da ake dasawa.

Manoman sun yi abin a yaba, domin sun dasa itatuwan gida, sun killace bakin rafuka don kada shanu su tattake su. Amma sun daɗe ba su tambayi Aborijinawa ba, wato 'yan asalin Ostireliya, mutanen da suka kula da wannan ƙasa fiye da shekara 50,000, alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban abin da aka yi sakaci da shi shi ne wuta. Wanda ya saba ɗaukar ƙona daji a matsayin ɓarna zai yi mamakin jin cewa wuta tana raya daji, amma akwai wuta, akwai wuta. Ta Aborijinawa ana kunna ta ne lokacin da ƙasa take da sauran laima, iska kuma a kwance, ƙaramin fili bayan ƙaramin fili, sai ta riƙa tafiya a hankali tana lasar busasshiyar ciyawa ba tare da ta kai kan itatuwa ba, ta bar wa ƙadangaru da ƙananan dabbobi damar tserewa. Da aka kori masu wannan sani daga ƙasarsu, sai ciyawa da kirare suka taru. Bayan gobarar 2019 zuwa 2020, wadda ta ci ran mutum fiye da 30, masu gonaki da dama suka fara neman ƙungiyoyi irin su Firesticks, mai farfaɗo da ƙonawar gargajiya ta Aborijinawa, da masana irin su Victor Steffensen su zo su koya musu. Ita dai wannan gobara ce ta tone wasu tsofaffin magudanan kama kifi a Budj Bim da ke jihar Biktoriya, inda al'ummar Aborijinawa ta Gunditjmara suka fara gina su tun kimanin shekara 6,600 da suka wuce.

A nan ne nake ganin ƙawancen yana ɗingishi. Hukuncin Babbar Kotun ƙasar a shari'ar Mabo na 1992 da dokar da ta biyo bayansa a 1993 sun amince da haƙƙin gado na 'yan asalin ƙasa, amma haƙƙin ba ya shiga gonar da wani ya mallaka da cikakkiyar takarda. Ma'ana, dattijon da kakanninsa ke kwance a filin sai an gayyace shi yake shiga, kuma ranar da gonar ta sauya hannu, sabon mai ita yana iya rufe ƙofa. Sau da yawa ma ana kiransa ne ya buɗe taro da jawabin maraba, a ɗauki hoto, a kwashi iliminsa, shawara kuwa a yanke ta bayan ya tafi.

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. A yammacin Arnhem Land, a arewacin ƙasar, tun 2006 ake biyan masu gadin daji 'yan asalin yankin kuɗi saboda ƙonawar farkon rani da ke rage hayaƙin manyan gobara, kuma su ne ke tsara lokaci da wuri. Ƙungiyoyin manoman kudu ba su da irin wancan kuɗi, gaskiya ne, amma suna iya ware ladan dattawan a cikin duk tallafin da suka nema, su ba su kujera mai ƙuri'a a kwamiti, su kuma rubuta izinin shiga gona a yarjejeniyar da za ta ci gaba da aiki ko da an sayar da filin.