Olamfik ba ƙwallo kaɗai ba ce

Duk wanda ya yi wayo a 1996 ya san inda son kallon Olamfik ya samo asali. Talabijin ɗaya a layi, an fito da ita ƙofar gida, yara a tabarma, manya a benci, wani yaro a kan katanga yana juya eriya ana ce masa "haka, haka, tsaya nan!" A wasan kusa da na ƙarshe Brazil na cin Najeriya uku da ɗaya har minti na 78, Ikpeba ya rage, Kanu ya farke a minti na 90, ya ƙara ta huɗu a ƙarin lokaci. Bayan kwana uku aka doke Ajantina 3-2 a wasan ƙarshe. Garba Lawal da Tijani Babangida, 'yan Kaduna, suna cikin tawagar.

To amma ana jajiberin wasan ƙarshen nan Chioma Ajunwa ta Najeriya ta yi dogon tsalle na mita 7.12 a yunƙurinta na farko, ta ɗauki zinare ita kaɗai. Mu nawa ne muka kalla? Ni a ganina nan ne muke cutar kanmu. Mun shiga Olamfik ta ƙofar ƙwallo, muka zauna a zaure, ba mu taɓa leƙa cikin gidan ba. Shi ya sa duk shekarar da 'yan ƙwallon maza ba su samu gurbi ba sai ka ji ana cewa bana babu abin kallo. Akwai, ƙa'idar ce ba a sani ba, kuma wasan da ba ka san ƙa'idarsa ba hayaniya ce kawai.

Ɗauki kokawa, wadda ya kamata a ce Bahaushe ya fi kowa jin daɗinta. A tamu ta gargajiya, irin ta gasar Takobi a Nijar, da an kai mutum ƙasa magana ta ƙare. A Olamfik nan ne ma aka fara. Turmi biyu ake yi, kowanne minti uku, da hutun daƙiƙa 30 a tsakani. Ka kayar da abokin karawarka ka hau bayansa, maki biyu. Ka tura shi wajen da'ira, ɗaya. Ka ɗauko shi daga tsaye ka maka shi da baya, huɗu. Wanda ya ba da ratar maki goma a kokawar da ake kama ƙafa ya ci nan take, haka ma wanda ya danne kafaɗu biyu a tabarma. Tagulla biyu ake bayarwa, domin duk wanda ɗaya daga cikin biyun da suka kai wasan ƙarshe ya kayar a hanya ana sake ba shi dama. Saboda haka idan naka ya faɗi a zagayen farko kada ka kashe talabijin, koma goyon bayan wanda ya kayar da shi.

Sannan ga sikeli. Ana awo safiya biyu a jere. A Paris 2024 Vinesh Phogat ta Indiya ta kai wasan ƙarshe a ajin kilo 50, washegari aka tarar ta haura da giram 100, aka cire ta, ko azurfa ba ta samu ba. Giram ɗari, ko rabin kofin shayi bai kai ba!

Gudun miƙa sanda ma haka yake. Mutum huɗu, mita 100 kowanne, kuma dole sandar ta canza hannu cikin wani yanki mai tsawon mita 30. Mai karɓa yana sa alama a ƙasa, da mai kawowa ya taka ta sai ya zura da gudu ba waiwaye. Ya tashi da wuri, ya tsere wa ɗan'uwansa su fita daga yankin. Ya makara, su yi karo. Abin da ya kori mazan Amurka ke nan a Paris, duk da tarin masu gudunsu, Kanada ta kwashe zinaren. Irin wannan tseren ne ƙasa mai horo ke shan gaban ƙasa mai taurari, kuma Najeriya ta ci tagulla a cikinsa a Athens 2004. A mita 100 kuwa, wanda ya motsa kafin kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa bayan ƙarar bindiga ya yi riga-malam, kuma tun 2010 sau ɗaya tak ake yi, sai waje.

Abin da ya fi ciwo shi ne lambobin da ake zubarwa tun kafin a hau jirgi. A Tokyo an hana 'yan Najeriya goma fafatawa. Ba wai an kama su da ƙwaya ba ne, a'a, ba a yi musu gwaje-gwajen ba-zata guda uku da doka ta wajabta cikin wata goma kafin gasar ba. A Paris, Favour Ofili ta cancanci mita 100 amma ba a shigar da sunanta ba, Najeriya kuma ta dawo gida ba ko tagulla. Nijar kuwa lambobinta biyu ne tun da take zuwa: tagullar Issaka Daboré a dambe a Munich 1972, da azurfar Abdoul Razak Alfaga a taekwondo a Rio 2016. Duka biyun wasannin faɗa ne na mutum ɗaya, masu arha, da ba sa buƙatar katafaren fili. Mai neman inda za a zuba kuɗi ya duba nan.

Mai shirin kallon Los Angeles 2028 ya san cewa muna gabansu da awa takwas. Wasan ƙarshen da za a yi ƙarfe bakwai na yamma can, ƙarfe uku na dare ne a Kano da Damagaram. A nemo jadawalin tun da wuri, a mayar da shi agogon gida, a zaɓi wasa biyu ko uku a bi su tun daga zagayen share fage. A cika caji da rana, a rage ƙarfin hoto idan da waya ake kallo don kada data ta ƙare a tsakiyar tsere. A kuma tashi yaran idan an zo miƙa sanda na maza, bai kai daƙiƙa 40 ba sun koma barcinsu.